Inda Ruwa Ya Daina Janyewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin halittu a wata makarantar sakandare a Kano. Duk shekara idan muka iso babin zaman halittu da muhallinsu, sai in zana kududdufi a allo. In sa ciyawa a gefe, in sa ƙwari, in sa kwaɗo da kifi, in tsayar da zalɓe a kan ƙafa ɗaya, sannan in jajja kibiyoyi don yara su ga wa ke cin wa. Su kwafa a littafi, su ci jarrabawa, a wuce babi na gaba. Wani abokina ɗan Nguru, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, ya daɗe yana ce mini in zo in ga kududdufin gaske. A farkon watan Janairu, kafin a koma makaranta, Allah ya nufa na je.

Na shiga mota a tashar 'Yankaba bayan sallar asuba. Hazo ya lulluɓe gari, kowa a motar ya ƙudundune. Muka wuce Gezawa, muka wuce Ringim, muka tsaya Gujungu direba ya sha shayi. Gonaki duk sun zama fari fat, ba komai sai guntayen kara da awaki suna kalar abin da ya rage. Amma cikin wannan farin, nan da can, sai ka hango gawo kore shar kamar ba a rani ake ba.

Gawo ne ya fara buɗe mini darasin tun kafin in ga ruwa. Sauran itatuwa suna tofo da damina su kaɗe da rani, shi kuwa ya juya lissafin: da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, da kaka ta wuce sai ya tofo. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa har ta tarar da damshin da gero ba zai taɓa kaiwa gare shi ba, don haka ba ya rububin ruwan sama da amfanin gona. Ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne, kuma tunda a lokacin ba shi da inuwa, geron da ke gindinsa yana samun rana. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Da rani kuma shanu da awaki su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar masa kashi, su tafi da irinsa a ciki su zubar a wata gonar. Itace ɗaya, amma gero da akuya da manomi da halittar da ba a gani duk suna da hannu a rayuwarsa. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka hana a sare shi.

Bayan Haɗeja ƙasa ta fara sauya kama. Ya kamata in faɗi yadda ruwan yankin yake, don in ba haka ba abin da na gani ba zai fito ba. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Da suka iso wannan yanki sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba gangara, ga kuma tsofaffin tuddan yashi a jere tun zamanin da hamada ta taɓa sauka har nan. Sai ruwan ya rasa hanya ɗaya da zai bi, ya rarrabu: wani ya bi mashigar Marma ya faɗa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohon kogi. Can wajen Gashuwa abin da ya rage ya sake haɗuwa ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa inda ake shayar da tattasai da shi, ya nufi Tafkin Chadi. Wannan wurin da ruwa ke bazuwa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Ruwan saman da ke sauka a Nguru bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, rana kuwa tana iya ƙafar da ninkin hakan. Ke nan duk wannan dausayi ruwan wasu garuruwa ne masu nisa, baƙo ne da ke zuwa kowace shekara.

Na isa Nguru da la'asar. Abokina ya zaga da ni na ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, lokacin da gyaɗa da ƙaro da fatu suka mayar da garin babbar kasuwa. Da dare aka kawo mana burabusko da miyar kuka da bandar kifi, muka ci, muka yi hirar abokan da muka rabu da su.

Washegari da sassafe muka je bakin ruwa. Abokina ya riga ya yi magana da wani dattijo masunci, mutum ne siriri, farin gemu, idonsa ya saba da hango abu daga nesa. Muka gaisa, na tambaye shi iyali da sanyi.

"Malam, ka iya ruwa?" in ji shi.

"Baba, ban iya ba."

"To zauna tsakiya, kada ka miƙe. Allah ya kiyaye."

Na zata da mun tura kwalekwale zan ga ruwa ya buɗe har inda ido ya tsaya. Abin da na gani bango ne. Wata ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ganyenta kamar takobi, kanta kamar zangarniyar gero. Ta tsaya dama da hagu, ta bar 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da hannu, daidai faɗin jirgi. Muka shiga. Iska ta ɗauke, sauro ya taso duk da sanyi, ruwan kansa baƙi ne, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Mun fi rabin awa a cikin wannan lungu, dattijon yana tura mu da doguwar sanda, ba ka ganin komai sai sama a bisa kanka.

"Baba, wannan ce kacalla?"

"Ita ce. Nan inda muke, gonar shinkafar mahaifina ce."

Na kalli ruwan. Ban ga alamar an taɓa noma komai a wurin ba.

Da muka fito fili ya ɗora sandar a gefe, ya bar jirgin yana shawagi, ya ba ni labarin yadda shekara take a nan lokacin yana yaro. Da ruwa ya sauka a shuka gero a tudu, a shuka shinkafa a kwari. Wajen watan takwas kogi ya kawo, ruwa ya hau a hankali, shinkafa tana hawa tare da shi. Kifi ya biyo ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da ba zurfi, inda abinci ya yi yawa kuma manyan kifaye ba sa iya shiga. Bayan kaka ruwa ya fara janyewa. Duk inda ya bari, a bi damshin a shuka wake. Kifi ya taru a ƙananan tafkuna, masunta su shiga da koma da gora. Sannan Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar burugu da ragowar gona, su bar taki. Kafin bazara yawancin ƙasar ta bushe ta tsattsage, mata na yankan kaba suna saƙa tabarma, ana jiran wani ruwan.

"Fili ɗaya, Malam," ya ce, "amma masunci ya ci, manomi ya ci sau biyu, makiyayi ya ci. Ba wanda ya tare wa wani, don kowa da watansa."

Wannan maganar ta tsaya mini. A aji ina koya wa yara cewa halittu biyu ba sa iya dawwama a kan abinci ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, dole ɗaya ya kori ɗaya, ko kuma su raba. Kullum misalina na raba wuri ne: wannan tsuntsu a saman itace, wancan a ƙasa. Ban taɓa tsayawa a kan raba lokaci ba, alhali ga shi nan al'umma guda ta rayu a kansa shekaru aru-aru.

Abin da ya sauya lissafin sananne ne. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. A tsakani kuma aka yi farin shekarun 1970 da na 1980. Ambaliyar da a da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta sauko zuwa 'yan ɗaruruwa a farin 1984. Kafin in zo na ɗauka matsalar ke nan, wato ruwa ya yi kaɗan. A cikin jirgin nan na gane rabin labarin kawai na sani. Madatsa tana tare ruwan damina, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani saboda noman rani da ruwan sha. Sai ya zama babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, kuma bushewar da ke biyo bayanta ta ɓace. Kogin da ke cika ya ƙafe ya koma mai ɗan ruwa kullum. Ɗan ruwa kullum, mara zurfi, mara gudu, shi ne ainihin abin da kacalla ke so.

Da can ma akwai ta, in ji dattijon, amma a 'yan wurare, don rani yana kashe ta. Yanzu ba abin da ke kashe ta. Zangarniya ɗaya tana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, marasa nauyi kamar auduga, iska na kai su ko'ina. Ta ƙarƙashin laka kuma saiwarta tana rarrafe tana fitar da sababbin tsirrai. Inda ta kafu, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, wurin ya ƙara zama mara zurfi, wanda ya ƙara mata daɗin zama. Haka ta toshe wasu hanyoyin, ruwan da ya rasa mafita ya karkata ya cika Marma da wajen Nguru har ya cinye gonaki, su kuma na can ƙasa wajen Gashuwa suna kukan ruwa bai iso ba. Mutum biyu a kan kogi ɗaya, ɗaya ruwa ya kore shi daga gonarsa, ɗaya ƙishi ya kore shi, kuma ciyawa ɗaya ce a tsakaninsu.

Ya sa wuƙa ya yanko mini kara ɗaya, ya tsaga shi. Ciki duk ramuka ne ƙanana a jere kamar soso.

"Ta nan take numfashi," ya ce. "In ka sare ta a saman ruwa, ka yi mata aski ne, sati biyu ta dawo. Sai ka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya shiga ramukan, ta shaƙe."

Gaskiyarsa. Lakar ƙarƙashin ruwa ba ta da iska, don haka ganyen ne ke tura iska zuwa saiwa ta waɗannan ramuka. Na san wannan a littafi da sunansa na Turanci. Shi ya san shi da wuƙa, yana tsaye cikin ruwa iya ƙirji.

Kacalla ba ta zo ita kaɗai ba. Da muna dawowa wajen magariba na ga wani abu kamar hayaƙi yana murɗawa a sama, yana saukowa cikin ciyawar. Jan-baki ne. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma yana cin kusan rabin nauyinsa na hatsi a rana, kuma ba ya tafiya sai dubbai, wani lokaci miliyoyi. Garke mai miliyan biyu zai iya cinye tan 20 a wuni ɗaya. Kacalla ta ba shi wurin kwana da wurin sheƙa a tsakiyar ruwa inda maciji da mutum ba sa kai masa cikin sauƙi, ga shinkafa da gero da alkama kewaye da shi. Abokina ya ce lokacin da hatsi ke nuna, yara da yawa ba sa zuwa makaranta, suna gona tun asuba da gwangwani da igiya suna kora. A ruwan da ba ya gudu kuma katantanwa ta samu gida, irin wadda tsutsar tsargiya ke girma a cikinta kafin ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai su. Na tuna kibiyoyin da nake ja a allo. Da zan zana wannan, sai kibiya ta tashi daga ƙofar madatsa a Tiga, ta bi ta kacalla, ta bi ta jan-baki, ta ƙare a kan bencin aji da ba kowa a kansa.

Na tambayi dattijon kifi. Ya ce karfasa da tarwaɗa suna nan, amma girmansu ya ragu, kuma raga ba ta shiga cikin kacalla. Sai ya ɗago wata gaiwa daga cikin jirgin wani saurayi da muka haɗu da shi, doguwa, mai santsi, da 'yan ƙafafu kamar zare. Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da majina da ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar ɗan rami a bakinta don iska. Haka za ta kwanta watanni, ba ci ba sha, jikinta yana cin tsokar kansa a hankali har ruwa ya dawo. Ashe da Hausawa ke cewa gaiwa mai cin jikinta, ba ƙarya suka yi ba, sun lura ne. Halitta ce da aka gina ta kacokan a kan cewa ruwa zai tafi kuma zai dawo. Gawo ma haka, burugu haka, shinkafar fadama haka, makiyayi haka.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Ruwan da nake alwala da shi a Kano daga Kogin Kano da na Challawa ake tace shi. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da nake saye a kasuwa, ruwan Tiga ne ya shayar da su, kuma dubban iyalai ne ke ci daga wannan noma. Ba zan ce a rushe madatsa ba, ba kuma zan ce waɗanda suka gina ta mugunta suka nufa ba. Amma ina ganin an yi lissafin ruwa da yawansa kawai, ba a yi lissafinsa da lokacinsa ba. Masana tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun samu cewa ruwan da aka bari ya bazu a fadama yana samar da amfani, in an haɗa kifi da noma da itacen girki, fiye da irin wannan adadin ruwan a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Ba a ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a wannan lissafi ba, alhali ambaliyar ce ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙauyuka masu nisa da kogi ke sha. An daɗe ana ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina a rage shi da rani, don kogin ya koma kusa da ɗabi'arsa. A ganina wannan ce magana. Abin da ya rage wa fadamar na ambaliya ta gaske yawanci daga Jama'are yake zuwa, don har yanzu madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kansa ba a kammala ta ba, kuma mutanen ƙasan kogin da dama suna fargabar ranar da za a kammala.

Rana ta uku muka hau babur muka bi hanyar Gashuwa zuwa Dagona, a ƙasar Bade. Tafki ne da tsohon lanƙwasar kogi ya bari, kewaye da bagaruwa da goruba, yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi. Wani ma'aikacin gandun ya raka mu, ya ce mu yi shiru, mu bi ta bayan itatuwa.

Ban taɓa ganin tsuntsaye da yawa haka ba. Kirinjijiya sun rufe bakin ruwa suna ta fito, dinya manya-manya suna kiwo a cikin ciyawa, zalɓe a tsaye shi kaɗai kamar wanda nake zanawa. Ganyen bado ya shimfiɗu a kan ruwa, wani tsuntsu mai dogayen yatsu yana tafiya a kansa ba ya nutsewa. A tsakiyar tafkin kuma wasu ƙananan agwagi ne masu farin layi a saman ido, ɗaruruwa. Ma'aikacin ya miƙo mini madubin hangen nesa.

"Malam, waɗannan baƙi ne. Daga Turai suke, wasu har daga Rasha."

Agwagwar ba ta kai rabin kilo ba. A can take ƙyanƙyashewa lokacin zafinsu, da sanyi ya gabato ta taso, ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, ta sauka a ruwan farko da ta tarar a kudancin hamada. Irin waɗannan wurare ba su da yawa: fadamar Kogin Sanagal, ta Kogin Kwara a Mali, Tafkin Chadi, da nan. Tana isowa daidai lokacin da ambaliya ta fara janyewa ta bar irin ciyawa da tsutsotsi a laka. Ta ci ta yi ƙiba, wajen watan Maris ta koma da wannan kitsen a matsayin guzuri. Ya ce wani lokaci masunta kan kawo musu tsuntsu da zobe a ƙafa, da lamba da rubutun ƙasar da aka sa masa. Idan fadamar nan ta lalace, wani tafki a Turai zai wayi gari da ƙarancin agwagi, masu shi ba su san dalili ba. Shi ya sa Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Na ji daɗin wannan, amma na lura babu ko ɗaya daga cikin masuntan da na zanta da su da ya ambaci wannan suna. Su maganarsu a buɗe musu hanyar ruwa.

Duk tsawon zamanmu, gaggafa ɗaya tak na gani, mai farin kai, a kan busasshen reshe tana kallon ruwa. Dubban agwagi, ɗaruruwan masu cin kifi ƙanana, gaggafa ɗaya. Dalilin yana cikin darasin da nake bayarwa: daga ciyawa zuwa mai cin ciyawa, daga shi zuwa mai cinsa, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin abinci ne kawai ke wucewa, sauran ya tafi a motsi da numfashi da zafin jiki. Don haka na sama dole su yi kaɗan, kuma su ne ke fara ɓacewa in ƙasa ta girgiza. Na tambayi ma'aikacin gauraka, ya ce dattawa suna ba da labarin yadda take da yawa a da, shi kuwa ya daɗe bai sa ta a ido ba.

A hanyar fita muka tarar da garken shanu a gefen gandun, wani yaro Bafulatani yana tsaye da sanda a kafaɗa. Balbelu suna bin ƙafafun shanun suna cafke farar da suke tayarwa. Balbela ta ƙaru, saniya ba ta san ma ana yi ba. A bayan wani bijimi carki biyu suna cire kaska, shi ya huta su sun ƙoshi, ko da yake yaron ya ce in saniya na da miki carki ba ya barinsa ya warke. A kan bagaruwar da muka fake kuma ga kauci ya kafa saiwa cikin reshe yana shan ruwan itacen, reshen ya fara bushewa daga nan zuwa ƙarshensa. Iri uku na zaman tare da ke shafi ɗaya a littafin 'yan aji huɗu, ga su cikin taku ashirin. Bajamushen da ya raɗa wa wannan ilimi suna ikoloji a 1866, Ernst Haeckel, ya ɗauko kalmar ne daga kalmar Girkanci mai nufin gida. A ƙarƙashin bagaruwar nan sunan ya zauna mini daidai, har da mai cin arziki da mai cin amana duk a gida ɗaya.

Ma'aikacin bai ɓoye mini damuwarsa ba. Shanu suna shiga gandun don burtali da makiyayar da suka saba sun zama gonakin rani ko sun zama kacalla. Manomin da ruwa ya cinye gonarsa ya hau tudu ya share daji. Kowa an matsa shi, shi ma ya matsa na kusa da shi. Rigimar da ake yi tsakanin manomi da makiyayi a nan, in ka bi ta a hankali, za ka tarar wani ɓangarenta ya faro ne daga ranar da watannin da dattijon nan ya lissafa mini suka cakuɗe.

Safiyar da zan tafi aka yi gayya a wani ƙauye kusa da Nguru, abokina ya ce sai mun leƙa kafin in shiga mota. Maza sun fi hamsin a cikin ruwa, cikin wannan sanyi, da lauje da adda, suna nutsa hannu suna sare kacalla daga gindi, wasu suna jan ta zuwa gaɓa. Wani yana buga ganga a kan jirgi, mata sun kawo kunu a manyan robobi. Dattijon nan yana cikinsu, ruwa iya ƙirjinsa. Da ya hango ni ya fito yana rawar sanyi, muka gaisa.

"Baba, wannan aikin zai kai ku wata nawa kafin ta dawo?"

"In ruwa ya rufe kan abin da muka sare, mu samu shekara. In an rage ruwa daga sama kan ya fito, kafin azumi ta tofo." Ya share fuska da hannu. "Ku can Kano kuna buɗewa kuna rufewa, ba mai aiko mana."

Ban sami abin ce masa ba sai Allah ya kawo sauƙi. Ya ce amin, ya koma ruwa.

Na sayi bandar tarwaɗa ta tsaraba a bakin tasha. Karan kacallar da ya tsaga mini na naɗe shi a jarida na sa a jaka, tare da zangarniya ɗaya da na ɗaure a leda don kada irin ya watse a mota. Ranar Litinin ta farko bayan hutu na shiga aji da su. Ban zana kududdufi ba. Na zana layi daga Tiga zuwa Nguru, na miƙa wa yaron da ke benci na gaba karan, na ce ya duba ramukan ya miƙa wa na bayansa. Wata yarinya a layi na uku ta ɗaga hannu ta ce kakarta 'yar Guri ce, kuma duk shekara sai ta yi maganar wannan ciyawa. Na ce ta taso ta faɗa mana abin da kakar take cewa.